Daga Masana'anta Zuwa Kasuwar Batsari: Yadda Ake Rage Sharar Sikirin-gad, Rasit ɗin POS da Katin Waya

Duk wanda ya taɓa sayen sabuwar waya ya san abin da ke biyo baya. A ɓare ledar da ke manne a fuskar wayar a yar, a ɗauko sikirin-gad a ɓare masa tasa ledar a yar, a biya kuɗi wurin mai POS ya miƙo ɗan rasit, shi ma kafin a kai gida ya bi iska. Wayar ba ta yi kiran farko ba, amma ta riga ta bar sharar da za ta cika tafin hannu.

A wurin masu ƙera su, waɗannan tarkace dangi ɗaya ne: takarda ko leda ce da aka shafa wa wani sinadari siriri a sama, domin ta yi wani aiki na musamman. Abin da mai waya ke gani a ƙasa kuwa ƙarshen labarin ne, domin tun a masana'anta, kafin kayan su hau jirgin ruwa, an riga an zubar da wani kaso nasu. Wannan darasi zai nuna wa mai karatu inda sharar ke fitowa, da dabarun da masana'antu ke bi su rage ta, sannan ya kawo maganar gida, kan teburin mai sayar da kayan waya a Batsari, Safana, Ruma ko Runka.

Mene ne takarda ko leda mai shafe?

Misalai uku sun isa, kuma dukkansu suna cikin aljihun mai waya.

Na farko sikirin-gad. Wanda ake kira na gilashi, hawa-hawa ne. A can sama akwai wani shafe da ido ba ya gani, wanda ke hana maiƙon yatsa kamawa. Ƙarƙashinsa gilashi ne, sai wata siririyar leda mai gam a fuska biyu, sai kuma ledar da ake ɓarewa a yar. Ita wannan ta ƙarshen aikinta ɗaya ne, ta kare gam ɗin daga ƙura har ranar da za a manna.

Na biyu rasit ɗin POS. Na'urar POS ba ta da tawada. Takardar ce aka shafa wa rini marar launi haɗe da wani sinadari mai tayar da shi. Idan kan na'urar ya ɗana mata zafi, sai su biyun su haɗu, wurin ya yi baƙi. Mai son tabbatarwa ya karce rasit da farce da sauri, zai ga baƙin layi ya fito.

Na uku kwalin waya da katin waya. Santsi da ƙyallin kwalin sun samu ne daga shafen farar ƙasa da garin alli da aka kwaɓa da gam. Farar ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a jihar Katsina, irinta ce ake haƙowa a Ƙanƙara. Katin waya na da kuwa, wanda ake kankarewa da kwabo ko farce, yana da ƙarin shafe mai ruwan azurfa da ke rufe lambobin sirri.

Kaurin irin waɗannan shafe-shafe da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kai guda yakan kai wajen maikiron 70. Shafen silikon da ke sa takardar bayan sitika ta ɓaru cikin sauƙi kuwa bai fi kimanin maikiron ɗaya ba.

Yadda ake yin shafen

Takardar ko ledar tana isowa ne a naɗe, kamar bandir ɗin yadi, sai dai faɗinta yakan wuce mita ɗaya, tsawonta kuma dubban mitoci ne. Inji yana warware naɗin daga gefe guda, ya bi da shi ta ƙarƙashin bakin da ke zuba sinadarin, ya ratsa da shi ta dogon ɗakin busarwa mai iska mai zafi, sannan ya sake naɗe shi a ɗaya gefen. Daga nan sai injin yanka ya tsaga babban naɗin zuwa ƙanana, kamar naɗin rasit mai faɗin milimita 57 da masu POS ke saye.

Gudun injin shi ne ribar masana'anta, shi ne kuma haɗarinta. A ɗauka inji yana gudun mita 300 a minti ɗaya, faɗin ledar kuma mita ɗaya da rabi. Idan wani ɗan datti ya maƙale a bakin zubawa ya riƙa jan layi, aka yi minti ɗaya tak ba a lura ba, an ɓata murabba'in mita 450. Idan sikirin-gad guda yana cin santimita 16 a tsaye da 7.5 a kwance, ledar da ta lalace a wannan minti ta isa yin guda 37,500.

Ina sharar take fitowa?

1. Tashi da tsayawa. Duk lokacin da aka kunna inji ko aka sauya nau'in sinadari, mitocin farko ba sa fitowa daidai har sai kauri da zafi sun daidaita. Waɗannan sai a yanke a ajiye gefe.

2. Gefe-gefe. Shafe ba ya kwanciya sumul a bakin leda, don haka dole a datse gefen biyu. Sannan idan faɗin da mai saye ya nema bai raba faɗin naɗin daidai ba, sai wani zirin ya yi saura.

3. Aibi. Ƙura, kumfa, ƙoƙewa da layi. A kayan da za a ɗora a fuskar waya, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta sa a ƙi karɓa.

4. Sinadarin tsinkawa. Kamar yadda mai fenti ke tsinka fentinsa da tina, haka ake tsinka wasu nau'o'in gam da wani ruwa mai saurin tashi. A ɗakin busarwa wannan ruwa yana zama tururi, kuma idan aka sake shi a iska yana cutar da numfashi, yana kuma iya kamawa da wuta.

5. Wanki da ragowa. Abin da ya rage a tanki da bututu bayan an gama aiki, da ruwan da aka wanke su da shi.

Akwai wata ƙa'ida da ta ratsa duka biyar ɗin. Ledar da ba a shafa mata komai ba, idan an datse gefenta ana iya niƙa shi a mayar cikin injin narkarwa nan take. Haka takarda, ana jiƙa ta a sake dama ta. Amma da zarar an ɗora mata gam ko silikon, raba su ya zama aiki mai tsada, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Kenan duk hawan da aka ƙara, kuɗin da aka kashe yana ƙaruwa, damar sake amfani da tarkacen kuma tana raguwa. Shi ya sa masana'antar da ta san aikinta take kashe kuɗi wajen hana sharar samuwa tun farko. Rigakafi ya fi magani.

Dabaru shida da masana'antu ke amfani da su

*Zuba daidai gwargwado.* A tsohuwar hanya, ana malala sinadari fiye da buƙata, sannan wata wuƙa ko sanda ta kankare rarar ta koma tanki, inda takan kwashi datti ko ta fara daskarewa. Kamfanin Kodak na Amurka, mai yin fim ɗin ɗaukar hoto, ya samu rajistar mallakar wata fasaha a 1954, wadda ke turo sinadarin ta wata siririyar tsaga. Famfo ne ke auna abin da zai fita, kuma duk abin da ya fita a kan leda yake sauka. Kodak yana da dalilin tsantseni, domin shafen fim ɗin hoto da azurfa ake haɗa shi, har tarkacen ma sai an tace an ciro azurfar. Yau da irin wannan baki mai tsaga ake shafa sinadaran da ke cikin batirin waya.

*Ido da ba ya barci.* Injinan zamani suna da na'urar auna kauri da ke kai da komo a faɗin leda tana aika wa kwamfuta sakamako, ita kuma tana gyara famfo ba tare da an tsayar da aiki ba. Akwai kuma kyamarori masu gano aibi su rubuta daidai mitar da yake. Da haka, maimakon a zubar da naɗi guda, sai a yanke wurin da ya ɓaci kawai.

*Lissafin yanka.* Tela mai hankali yakan shimfiɗa yadi ya tsara yadda riga da wando za su fita kafin ya sa almakashi. A masana'anta wannan tsari darasin lissafi ne mai zaman kansa. Wani masanin lissafi ɗan Rasha, Leonid Kantorovich, ya wallafa hanyar warware irin wannan matsala a 1939, bayan masu sarrafa katako a birnin Leningrad sun kawo masa tambaya. A 1961 kuma masana biyu na kamfanin IBM, Gilmore da Gomory, suka fito da hanyar da ta dace da yankan manyan naɗe-naɗe. Ga misali mai sauƙi. Naɗi yana da faɗin milimita 1,000, mai saye yana son zirin milimita 85. Za a samu guda 11, wato milimita 935, a bar 65 a banza, asarar kashi 6.5 cikin ɗari kenan. Amma idan akwai wani mai saye da ke son faɗin milimita 65, aka haɗa odarsu a yanka ɗaya, ba abin da zai yi saura. Manhajar kwamfuta ce ke laluben irin wannan haɗi a cikin ɗaruruwan oda.

*Sauya tina da ruwa.* A 1975 kamfanin 3M na Amurka, mai yin salatif da kayan mannawa, ya ƙaddamar da wani shiri da ya kira 3P, wanda ma'anarsa ita ce hana gurɓata muhalli riba ne. Cikin manyan abubuwan da shirin ya sa a gaba akwai maye gurbin sinadarin tsinkawa da ruwa. Yanzu an ƙara gaba: akwai gam da silikon da ba sa buƙatar tsinkawa ko kaɗan, hasken fitila mai ƙarfi ko zafi ne ke daskarar da su.

*Kama tururin da ya tashi.* Inda ba makawa sai an yi amfani da sinadarin tsinkawa, ana bi da iskar ɗakin busarwa ta cikin wani gawayi na musamman da ke tsotse shi, daga baya a tatso shi a sake aiki da shi. Wanda bai tatsu ba sai a ƙone shi a rufaffen murhu mai zafin kusan digiri 800, a mayar da zafin ɗakin busarwa. A masana'antun takarda kuma ana tace ruwan wanki a ciro farar ƙasar da ta bi shi.

*Tsara jerin aiki.* Idan aka haɗa ayyuka masu sinadari iri ɗaya aka yi su a jere, yawan wanke inji da sharar tashi da tsayawa suna raguwa. Wannan ba ya buƙatar sayen sabon inji, tsari kawai yake so.

Sharar da ta fi sauƙin magani ita ce wadda ba a ƙera ba

Wani lokaci gyaran yana zuwa ne daga teburin masu zana kaya. A 2019 kamfanin Samsung ya sanar da cewa zai daina yi wa cajarsa jiki mai ƙyalli. Dalili kuwa, jiki mai ƙyalli yana saurin ƙarcewa, dole a lulluɓe shi da leda. Da aka mayar da jikin marar ƙyalli, buƙatar ledar ta kau gaba ɗaya. A 2021 kamfanin Apple ya cire ledar da ke naɗe kwalin iPhone 13, ya ce hakan zai rage amfani da tan 600 na roba.

A ɓangaren rasit ma an samu sauyi. Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen tayar da rinin takardar shi ne BPA, wanda bincike ya nuna yana iya shiga jiki ta fata, yana kuma yi wa sinadaran halittar jiki katsalandan. Tun 2 ga Janairun 2020 Tarayyar Turai ta hana sayar da takardar rasit da BPA ɗinta ya kai kashi 0.02 cikin ɗari na nauyinta. Kamfanin Koehler na Jamus ya fito da wata shuɗiyar takardar rasit mai suna Blue4est, wadda ba ta buƙatar sinadarin tayar da rini, kuma ana iya haɗa ta da sauran takardu a sake sarrafawa.

Misali mafi kusa da mai karatu shi ne katin waya. Bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, an yi shekaru ana kankare kati mai kauri ana yarwa, har bakin kowace rumfar mai kati ya zama juji. Daga baya aka koma buga lambobin a 'yar ƙaramar takarda, yanzu kuma da yawa suna sayen kati da data kai tsaye daga asusun banki ko manhajar waya. Ba wanda ya yi gangamin tsaftace muhalli a kan wannan, sauƙi ne ya ja mutane, amma shara mai yawa ta ragu ta wannan hanya.

Halin da ake ciki a gida

Gwamnatin Najeriya ta taɓa kafa manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin, amma duk sun durƙushe daga baya, kuma yawancin takardar da ake amfani da ita a ƙasar shigo da ita ake yi. Sikirin-gad da sauran kayan waya kuwa mafi yawansu daga Chaina suke, su sauka a Legas ko Kano, su bi ta kasuwanni irin su Farm Centre, kafin su iso Katsina da ƙauyukanta. A Kano akwai masana'antun roba da leda a Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma a can ne robar da 'yan jari-bola ke tarawa take samun kasuwa. Sai dai abin da suke nema shi ne roba zalla, kamar gora da bokiti. Ledar da ke da gam, da takardar bayan sitika, da rasit, ba mai saye.

Ta fuskar doka, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke sa ido kan sharar masana'antu, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. Amma a gari irin Wagini ko Zakka, inda motar kwasar shara ba ta zuwa, abin da aka yar yana nan inda aka yar da shi.

Nan ne maganar ta shafi ƙasar Ruma kai tsaye. Yanki ne na noma da kiwo, kuma akuya ko saniya ba ta bambanta leda da ganye, musamman da rani idan ciyawa ta yi wuya. Ledar ba ta narkewa a tumbi, tana taruwa ne har dabbar ta daina cin abinci ta rame, mai ita yana ta sayen magani bai san dalili ba. Mahauta sun saba ciro dunƙulen leda daga cikin dabba. Wadda dabba ba ta ci ba kuma, ko dai ta toshe magudanar ruwa da damina, ko ta bi taki zuwa gonar gero da rogo. Ledar sikirin-gad guda ba komai ba ce, amma da yayyafi kogi kan cika.

Abin da mai shago, mai POS da mai waya za su iya yi

Dabarun masana'anta suna aiki a ƙaramin tebur ma, kuma kowannensu kuɗi yake tsare wa mai shi.

Mai sayar da kayan waya:
- Ƙura ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu. A manna sikirin-gad a wurin da iska ba ta kaɗawa, a kashe fanka, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma tukuna. Duk wanda aka ɓata aka sake ɗauko wani, daga ribar mai shago ya fita.
- A gwada girmansa a kan wayar kafin a ɓare ledar bayansa. Idan an ɓare, ba ya komawa kwali.
- A saro na wayoyin da mutanen gari ke riƙewa, irin su Tecno da Infinix da itel. Na wayar da aka daina yayi yakan ƙare a bola ba tare da ya taɓa hawa waya ba. Mai ƙarfin jari yana iya sayen ƙaramin injin da ke yanka leda daidai da kowace irin waya, wanda ke rage tara kayan da ba su fita.
- A ajiye kaya nesa da rana, domin zafi yana lalata gam.

Mai POS:
- A tambayi mai hulɗa ko yana son rasit kafin a buga. Idan rasit guda santimita 12 ne, mutum 100 suka zo a rana, buga kofi biyu-biyu zai ci mita 24 na takarda, ɗai-ɗai kuma mita 12.
- Naɗin rasit yana yin baƙi idan ya sha zafi, don haka kada a bar shi a rana ko kusa da janareta.
- A wanke hannu kafin cin abinci. Kada a taɓa rasit da hannun da aka shafa wa man kashe ƙwayoyin cuta bai bushe ba, domin yana ƙara saurin shigar BPA cikin fata.

Mai waya:
- Rubutun rasit yana gogewa da zafi ko rana ko maiƙo. Idan an cire kuɗi a asusu amma ba su fito ba, wannan takarda ita ce hujja. A ɗauki hotonta nan take, tun kafin a bar rumfar.
- Kada a ƙunshe ƙosai ko tsire da rasit, kada kuma a bar yara su sa shi a baki.
- Sikirin-gad mai kyau guda ɗaya da rigar waya sun fi masu arha guda huɗu a shekara, a aljihu da kuma a ƙasa.
- A tara tarkacen leda da fasasshen gilashi a gwangwani mai murfi, a kai inda dabba da yara ba sa kaiwa. Ƙona su a tsakar gida yana cika wa mutanen gida huhu da hayaƙi.

Kammalawa

Abin da masana'antu suka koya cikin shekaru masu yawa shi ne, duk tarkacen da ya faɗi ƙasa an riga an biya kuɗinsa: kuɗin kaya, kuɗin wuta da ladan ma'aikaci. Wannan lissafi bai sauya ba, ko a babban inji mai gudun mita 300 a minti ɗaya, ko a rumfar kasuwar Batsari.

Ga ɗan aikin gida ga mai son gwadawa. Mai shago ko mai POS ya ajiye kwali guda, ya riƙa jefa duk sikirin-gad da ya ɓaci da duk rasit ɗin da aka buga ba a karɓa ba, har mako ɗaya. Ranar bakwai ya ƙirga, ya buga da farashin sari, sannan ya ninka sau 52. Abin da ya fito shi ne kuɗin da yake zubarwa a shekara.